Na biya kudin ganin biri, kunkuru ya tare ni a kofa

Awa daya da rabi cur muna zagaye a cikin dajin nan ban ga biri ko daya ba, ko wutsiyarsa, alhali saboda birin na baro Bridgetown, babban birnin Barbados, tun da hantsi na sha kidan bas har kunnena yana kuwwa. Da hakurina ya kare sai na tare wata ma'aikaciya da ke share ganye a bakin hanya nace baiwar Allah wai ina biran ne? Ta dago ta dube ni tayi dariya tace sun fita, sai anjima. Sun fita fa! Kaman kaje gidan mutum ace maka maigidan baya nan ya leka unguwa. Nace ina suka je, ta nuna bayan katanga da tsintsiyarta, can wajen gonaki da kwazazzabai, tace duk inda suka ga dama, amma kar in damu lokacin abinci ba sai an aika musu ba.

Yayata ce ke aiki a Barbados, wani tsibiri a yankin Karibiyan, ni kuma naje mata hutu a watan Fabrairu lokacin da babu ruwan sama sosai, damunarsu daga Yuni take zuwa Nuwamba. 'Yarta mai shekara shida wadda nake kira Mamana ita ta matsa tun ranar da na sauka wai sai Kawu yaje ya ga birai, kullum da safe zancen kenan, har ranar da Yaya ta samu hutun aiki muka shirya. Tsibirin dan karami ne, tsawonsa kilomita 34 fadinsa 23, mutanensa basu kai dubu 300 ba, in ka tashi daga kudu kace arewa zaka kafin ka gama gyara zama an kusa. Mun bi titin da ya bi gabar yamma, teku na hannun hagu shudi shar kaman an zuba masa shuni, muka wuce Holetown muka sauka Speightstown, daga nan muka canja mota zuwa kan tudu a gundumar St. Peter. Bas kala uku garesu, akwai shudi na gwamnati, akwai ruwan dorawa na 'yan kasuwa, sai kananan farare da suke cewa ZR, kudin duk daya ne dala 3.50 ta Barbados ko ina zaka, dalarsu biyu kuma ita ce daya ta Amurka. Mu ruwan dorawan muka hau, kuma wallahi direban nan tuki yake yana rawa da kafada, a hannun hagu suke tuki ga tituna matsattsu ga kwana, ni dai kujerar gabana na rike ina ta salati Mamana tana min dariya.

Wani abu da Yaya ta ja min kunne akai tun kafin in hada kaya, kar in kuskura in zo da riga ko hula ko jaka mai zanen kakin soja, haramun ne farar hula ya saka a kasar, har yara. Na dauka wasa take ashe doka ce.

Wajen sunansa Barbados Wildlife Reserve, yana tsallaken titi da wani wajen shakatawa da ake kira Farley Hill. Bashi da girma, eka hudu ne na bishiyoyin mahogani, dangin madaci ne, dogaye sun hade sama sun rufe rana sai dan haske da ke tsiyayowa, kana shiga zaka ji sanyi ya sauko maka da kanshin danyen ganye da rubabben 'ya'yan itace. Hanyoyin ciki da jan bulo aka shimfida, tsofaffin bulo na masana'antun sukari na da, duk sun sha kafa sunyi santsi wasu gansakuka ta hau su.

A kan bulon nan na kusa yin abun kunya. Taku na biyar ko shida daga kofa, idona na sama ina neman biri, sai naji Mamana ta finciko rigata tana ihu Kawu kafarka! Na duba kasa, ashe abun da na dauka dutse ne kunkuru ne kwance a tsakiyar hanya, ya zuro kai yana kallona da wani irin ido na wanda ya gaji da ganin irinmu. Ko motsi baiyi ba, ni na tsallake. Daga nan na daina kallon sama, kuma da na saukar da ido sai na ga ashe ko ina su ne, karkashin benci, gindin bishiya, bakin kududdufi, wasu sun jeru a hanya kaman masu bin layi, wasu sun cusa kai cikin busasshen ganye bayansu kawai ake gani. Mamana ta fara kirga ta kai talatin da wani abu ta rikice ta koma farko.

Tunda babu biri sai na tsuguna gaban guda daya na bashi lokacina, kuma gaskia ban taba kallon kunkuru da kyau ba sai ranar. Irin su ake cewa mai jar kafa, asalinsu Kudancin Amurka ne, basu kai wadancan manya-manyan da yaro ke iya hawa ba, tsawonsu baifi kamu daya ba ko kasa da haka. Kokon bayan baki-baki ne an yanka shi gida-gida, kowane gida da digon ruwan dorawa a tsakiya, kewaye da digon kuma layi-layi ne kaman zanen jikin itace in an sare shi. A kafafunsa na gaba akwai wasu bawo ja da ruwan lemo kaman an diga masa fenti da tsinke, kansa ma da dan rawaya. Wuyan duk tamoji, tsohuwar fata mai ninki, in ya hadiye abu kana ganin yana sauka. Bashi da hakori ko daya, baki ne mai kaifi kaman na tsuntsu, ya samu wani guntun mangwaro ya danne da kafa yana yaga a hankali, ruwan na bin habarsa, bai damu da ni ba bai damu da kudan da ke kansa ba. Suna kaiwa shekara 50 har su wuce, wato zai yiwu wannan da nake tsugune gabansa ya girme ni nesa ba kusa ba.

Mamana tace Kawu in ya ji zafi yana cire kokon ya ajiye? Nima da ina yaro haka na dauka, saboda tatsuniya. Yaya ce ta amsa mata, ita da ta san kashi da jijiya, tace kokon nan ai jikinsa ne, hakarkarinsa da kashin bayansa ne suka hade suka zama shi, akwai jini akwai jijiya a ciki, in ka shafa yana ji, in ya fashe ciwo ne kaman karaya. Shi yasa ba'a so yara su dinga kwankwasa shi ko su juya shi rigingine. Ta kara da cewa in kana so ka gane namiji duba kasan cikinsa zaka ga ya lotsa ciki, kuma tsakiyar kokonsa ya dan tsuke kaman mai kugu.

Bamu dade da wannan karatun ba muka ji wani sauti daga cikin ganye, kwat kwat kwat, sak kaza mai neman wajen kwai. Na waiga ina neman kazar, babu kaza, wani namijin kunkuru ne ya dare bayan mace ya mike wuya ya bude baki yana wannan kukan da iya karfinsa, ita kuwa ko a jikinta, tafiyarta take tana cin ganye tana janshi. Turawa suka taru suna dauka a waya. Mamana ta daga kai tace Kawu me suke yi? Na dubi Yaya, Yaya ta dubi bishiya, can tace goyo yake so tayi masa, wuce muje ki ga dawisu. Ni dai ban kara cewa uffan ba har muka sha kwana.

Sauran dabbobin mun gansu a gurguje. Akwai wasu kananan barewa jajaye masu kama da gada suna yawo a sake suma, kunya garesu sosai, akwai dawisu, akwai wani karamin kada kwance a kududdufi kaman gungume, manyan kadangaru irin su damo, macizai a cikin gilashi, da wani katon keji da ake shiga ciki mai aku kala-kala. Wadannan duk wanda ya taba shiga gidan zu ya ga irinsu.

Wajen daya da rabi na lura da wani abu. Kunkurayen nan da ke warwatse duk sun juya sun fuskanci waje daya sun kama hanya, daga kowace kusurwa, ba mai sauri ba mai tsayawa, kana jin karar kokonsu na gogar bulo kwas kwas. Babu wanda ya kira su babu kararrawa. Su sun san tafiyarsu, sun san in basu tashi da wuri ba sai dai su tarar da bawo, toh sai suke sammako. Muka bi bayansu, karon farko a rayuwata da kunkuru ya min jagora, har wani fili da aka kewaye da benci.

Karfe biyu da 'yan mintuna wani ma'aikaci ya turo baro shake da yankakken gwanda da ayaba da kankana da dankali da ganye, tun kafin ya juye naji sama ta dauki motsi, rassa na karkadawa ganye na zubowa kanmu kaman iska ta taso alhali babu iska. Sai gasu. Ta kan bishiya, ta kan katanga, ta rufin rumfa, wasu a kasa da gudu wutsiya a sama, kafin kace kwabo wajen da babu biri ko daya ya koma kasuwar birai. Gashinsu wani ruwan toka ne da rawaya ya gauraya, in rana ta doke shi sai ya bada kore-kore, daga nan suka samo sunan koren biri, fuska baka kirin, gefen kumatu da ciki fari-fari, bakin wutsiya kaman an tsoma a ruwan zinare. Hannun ne ya fi daure min kai, yatsu biyar harda farce harda zanen tafi, ya dauki gwanda ya juya ya shinshina ya yar ya dauki wata, yanda mai sayen tumatur yake yi. Lallai biri yayi kama da mutum.

Kuma akwai manya akwai yara a cikinsu. Wani katon namiji ya zauna tsakiyar tulin abincin yana zaba a natse, ba wanda ya isa ya matso sai ya ga dama, in karami yayi gigin miko hannu daga gira kawai zaiyi ya bude baki kadan sai kaga yaro yayi baya. Kananan dabararsu daban, su fizga su cusa a kumatu, don suna da wata 'yar jaka a cikin kuncinsu, su cika ta taf fuska ta kumbura sannan su haye reshe su dinga fito da shi daya bayan daya suna ci. Wata uwa ta sauko da jaririnta manne a cikinta, dan mitsitsi gashinsa duhu kunnuwa fato-fato, ya rike gashinta da hannu da kafa, tana cin ayaba da hannu daya dayan na tallafe da bayansa, duk wanda ya matso sai ta juya masa baya.

Su kuwa kunkuraye tsakiyar rigimar suka kutsa kaman tankar yaki. Ba sa fada ba sa gudu, turawa kawai suke, wani ya hau kan wani, biri ya dauke abu daga bakin kunkuru shi kuma ya juya ya kama na kusa. Abun da ya kashe ni da dariya, wani matashin biri ya nemi wajen zama ya rasa sai ya dare bayan kunkuru ya harde yana cin kankana, kunkurun yaci gaba da tafiya da shi a haka, fasinja da direba kowa na harkar gabansa. Nayi bidiyon wannan, na kalla yafi sau ashirin.

Toh anan nawa ya same ni. Doka a wajen ita ce kar ka taba su, kar ka basu abinci da hannunka, kar ka kura musu ido ko ka washe musu hakora don a wajensu neman fada ne, kuma suna cizo. Yaya ta fada min tun a Speightstown da ta ga na sayi ayaba, tace auta ka cinye abun nan kafin mu shiga, nace toh, na cusa biyu a aljihun gefen jaka na manta. Ina tsaka da daukar hoto naji an dan ja jakar ta baya, a hankali, irin jan da yaro ke yi in yana son magana da kai. Na juya ina cewa Mamana bari mana, sai muka hada ido da shi, yana zaune kan jinginar bencin ayabata daya a hannu daya a baki. Bai gudu ba. Ya matsa kaman taku biyu ya bare ta a gabana ya cinye ya sakar min bawon a kan takalmi. Yaya tace maganinka kenan, Mamana kuwa har da hawaye don dariya, kuma har na baro kasar in ta so tsokanata sai tace Kawu ina ayabarka.

Bayan an watse ne na tsaya karanta bayanin da aka rubuta kan asalinsu, kuma nan jikina yayi sanyi. Biran nan ba 'yan asalin Karibiyan bane, daga yankin Senegal da Gambiya aka kawo kakanninsu fiye da shekara 350 da suka wuce, a cikin jiragen ruwan da suka kwaso bayi. Turawan Ingila sun zauna a tsibirin a 1627, a shekarun 1640 suka koma noman rake, rake kuma shi ya jawo aka dinga jigilar mutane daga Afirka ta Yamma kaman kaya. Mutane a daure a kasan jirgi, biri a sama abun wasan matuka jirgi. Da aka sauka wasu biran suka kubce ko aka sake su suka fada kwazazzaban tsibirin suka hayayyafa, tun kafin karni na 17 ya kare hukuma ta sa lada ga duk wanda ya kashe su saboda barnar gona, kuma gasu nan har yau. Ko wutsiyarsu ma shaida ce, da yawa daga biran Kudancin Amurka da ke makwabtaka suna nade reshe da wutsiya suyi lilo, wadannan basa iyawa, tasu irin ta biran Afirka ce, ta daidaita jiki ce kawai in sunyi tsalle.

Da tikitin da ka shiga zaka iya bi ta cikin daji zuwa Grenade Hall, wata 'yar hasumiya fara a kan tudu. Muka hau, Yaya na haki tana cewa ita fa ba don Mamana ba da bata zo ba. An gina ta a 1819, daya ce daga cikin jerin hasumiyoyi da aka kafa bayan boren bayi na 1816 wanda wani bawa mai suna Bussa ya jagoranta, daga kan wannan ana hango waccan, da tuta ake aika sako da rana, da fitila da dare, cikin dan lokaci labari ya isa Bridgetown ko jirgi ne ya doso ko gonar rake ce ta kama da wuta. Na leka ta tagar na ga yanda ake ganin komai har teku, babu inda mutum zai bi ba'a hango shi ba, tsibiri ne shimfidadde babu manyan duwatsun buya, ruwa ta ko ina. Wanda aka kawo a daure sai 1834 aka soke bautarsa, bai samu sakin gaske ba sai 1838, kasar ta samu mulkin kai a 1966 ta zama jamhuriya a 2021. Wanda aka kawo don wasa shi tun shekarun farko ya tsallake katanga. Ina tsaye a wajen wani biri ya zo ya zauna kan dutsen gindin hasumiyar yana sosa ciki.

Amma kar in cika baki da zancen 'yanci, don su ma ba duka suka sha ba. Wani Bakanade masanin birai, Jean Baulu, shi ya kafa wajen, ya fara a 1982 a matsayin cibiyar bincike kan birai kafin a bude shi ga masu ziyara a 1985, kuma aikin cibiyar harda kama biran da suka addabi manoma ana fitar da su waje don aikin allurar rigakafin shan inna, don da kwayoyin kodar irin wannan birin ake noman kwayar cutar da ake hada rigakafin. Yaya tace min wannan muna saukowa, nayi shiru ina tuna dan jaririn nan mai fato-faton kunne, ga kuma Mamana na tsalle a gabanmu da kafafunta biyu lafiyayyu. Ban iya cewa komai akai ba.

Mun tsallaka Farley Hill mun huta, wani kangon katon gida ne na masu gonar rake da gobara ta cinye a 1965 sai bango, ta bayansa kana hango gabar gabas inda Atlantika ke dukan duwatsu da fushi, ba irin ruwan yamma mai ladabi ba. Nan muka ci burodi da soyayyen kifi da Yaya ta kunso, ina ci ina waige.

A bas din dawowa na zauna kusa da wata dattijuwa da kwandon kayan lambu a cinyarta, Mamana tayi barci a jikina, ni kuma ina ta maimaita bidiyon birin nan mai hawa kunkuru. Matar ta leko ta kalla, ta ja tsaki mai tsawo irin nasu na 'yan Barbados wanda ko ba'a fassara maka ba ka gane. Nace Mama lafiya? Tace ita da wadannan barayin basa ga maciji, mangwaronta, ayabarta, kokwamba, gwanda, babu abun da suka bari, kuma abun haushin ba cinyewa suke ba, kowanne su gatsa sau daya su yar su tsinko wani, ta daure kare sun gane iya tsawon igiyarsa suna zama daidai inda baya kaiwa, ta kafa mutum-mutumi kwana biyu ta tarar da daya zaune a kafadarsa. Tana fada tana nuna min da hannu, 'yan bas suna tayata, kowa da nasa labarin.

Can ta sake duban wayar tace wai tsaya, kudi ka biya ka shiga ka gansu? Nace eh Mama. Ta juya ta fadawa na bayanmu, bas ya kwashe da dariya har kwandasta. Da zata sauka ta dafa kafadata tace gobe da asuba in zo bayan gidanta, kyauta ne, in na ga dama ma in taho da buhu.